Takalmi Ɗaya Ke Kuka

Wata rana, a wani babban gida can ƙasar Katsina, wata matar aure ta ɗauki wayarta ta fara rubuta labarin ban tsoro.

Mu kira ta Barira. Ba sunanta ke nan ba, amma ya ishe mu.

Kafin in kai ku ga abin da ta rubuta, sai kun san abin da ya kai ta.

Barira ta haifi ɗanta na fari, namiji. Aka sa masa sunan kakansa, mahaifin mijinta da ya daɗe da rasuwa. Ilyasu.

Ku 'yan yanzu da kuke liƙa hoton jariri a waya tun cibiya ba ta faɗi ba, ba lalle ku gane ba. A gidan su Barira ana kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane. In ya faɗi sai ta kau da kai, wata ta ɗaga shi.

Ga shi kuma sunan suruki ne. Kunya biyu ta hau kan yaro ɗaya.

Uwar mijinta, wadda duk gidan ke kira Inna, ita ma ba ta iya faɗin sunan, don na mijinta ne. Sai ta riƙa ce wa yaron Maigida. Kowa ya ɗauka.

Barira ko Maigidan ba ta faɗa. "Kai" take ce masa. In ta matsu, "yaron Inna."

Da aka yaye shi ya koma ɗakin Inna. Can yake ci, can yake kwana.

Shi kuwa yaro bai san wata kunya ba. Da ya hango ta sai ya taho da gudu ya kama zaninta, yana "Bayiya, Bayiya."

Ta ɓamɓare hannunsa a hankali ta ce, "Kai, tafi wurin matarka."

Damina ta zo da zazzaɓi. Ta shiga gidaje da yawa, ta shiga nasu. Yaron bai yi mako ba.

A zaman gaisuwa Barira ce ke kai wa baƙi ruwa. Idonta a bushe.

Tsofaffi suka yi ta yaba mata. "Kun ga 'yar gidan mutunci. Ko ɗigon hawaye. Allah Ya yi wa iyayenki albarka."

Ta ce amin.

Mijinta ya koma Fatakwal wurin sana'arsa. Ko ya yi nasa kukan a mota, Allah ne Ya sani.

Gida ya koma yadda yake. Ana daka, ana tankaɗe, ana faɗa a kan tsintsiya.

Abu ɗaya ke cin Barira. Yaron nan ya zo duniya ya koma, bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Kuma babu inda za ta kai wannan maganar. Wa za ta gaya wa? Ita da aka gama yaba wa?

To akwai wani guruf a waya da mata ke karanta labarai. Kowace marubuciya tana sako nata kaɗan kaɗan, yau shafi, gobe shafi. Barira tana ciki tun tana amarya, ba ta taɓa cewa uffan ba.

Ran nan da tsakar rana, gida ya yi tsit, ta zauna a bayan ƙofarta ta fara dannawa. Ta ɓoye sunanta, ta tura wa mai kula da guruf ɗin a kan ta saka mata, kada ta faɗi mai shi.

Labarin wata mata ce da ke zaune ita kaɗai a gida.

Ba dare, ba maƙabarta, ba tsohuwar kuka. Rana tsaka, kowa ya kwanta hutawa, sai matar ta ji ƙarar takalmin yara. Irin wanda ke kuka in an taka.

Amma ƙafa ɗaya ce ke kuka.

Ƙiiƙ. Shiru. Ƙiiƙ. Shiru.

Ta leƙa tsakar gida, ba kowa.

Washegari ta tarar da murfin randa a ƙasa, an jefa cokali a cikin ruwan.

Wata ranar ta bar tuwo a kwano. Ta dawo ta ga an luma 'yan yatsu a ciki. Ƙanana.

Shi ke nan fa. Ba a ga kowa ba. Ba a ji murya ba.

Guruf ya kama da wuta.

Har gidan su Barira labarin ya shigo, ta hannun facalarta Hansatu, matar wan mijinta. Mace mai baki, mai son a taru. Bayan la'asar in mata sun baje suna ɓarar gyaɗa, ita ke karantawa da ƙarfi, tana canza murya.

Barira na zaune cikinsu, kanta a ƙasa, tana jin maganar cikinta a bakin wata.

Hansatu ta ce, "Wallahi jiya da na je ɗiban ruwa sai da na yi bismilla bakin randa kamar zan yanka rago."

Wata ta ce, "Ke da ko sallar asuba sai an ja ƙafarki. Ashe labari ne zai shiryar da ke."

"Ki yi ta baki. Wa na ji ta sa ɗanta ya raka ta banɗaki da rana tsaka?"

Aka yi dariya. Irin dariyar da ake yi ana waige.

Inna tana gefe kan tabarmarta, carbi a hannu. Kullum sai ta ce, "Ku dai ba ku da aiki, kun zauna kuna sauraron ƙarya."

Amma ba ta taɓa tashi ba.

Ku tsaya in gaya muku inda labarin nan ya kama mutane.

Ba takalmin ba ne kawai. Matar ce.

Duk wanda ya ji irin wannan a gidansa, tattara kayansa zai yi. Ita ba ta gudu ba. Sai ma ta fara barin ƙofa a buɗe. Ta fara rage kunu a kofi ta ajiye a ƙasa, daidai inda ɗan ƙaramin hannu zai kai. In takalmin ya yi kuka sai ta juya baya, ta yi kamar tana shara, don kada ya ji kunya ya tafi.

Ranar da Hansatu ta karanta wurin nan, ba wadda ta yi dariya.

Ta ajiye wayar a cinya ta ce, "Wannan matar ba tsoro take ji ba. Jira take yi. Ni abin da ya fi tayar mini da tsigar jiki ke nan."

Barira ta tashi wai za ta duba tukunya. Babu komai a kan wuta.

Tun da ta fara rubutun nan take samun barci. In ta zauna bayan ƙofa tana dannawa, yaron yana nan. Tana iya kallonsa yadda take so, ba mai ganin ta. Abin da ba ta yi ba yana raye, tana yi a waya.

Ta san mamaci ba ya dawowa. Ba jahila ba ce, tana zuwa Islamiyya. Wuri kawai ta samu.

Sai dai ku kun san halinku, masu karatu.

Labari ya yi nisa, aka fara ƙorafi. Mai guruf tana turo mata saƙonnin mutane.

Wannan ta ce a nuna mana shi mana, mun gaji da jin takalmi.

Waccan ta ce wace irin mata ce wannan, ba malamai a garinsu?

Wata kuma ta rubuto dogon wa'azi. Ta ce marubuciyar nan tana koya wa mata yarda da fatalwa, tana koya musu ajiye wa aljanu abinci, ta ji tsoron Allah ta gyara, in ba haka ba a cire ta.

Wannan ya shiga Barira sosai.

Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Ita duka biyun suka same ta a ɗaki. Tana tsoron zunubi. Tana kunyar a bincika a gano ita ce, a ce ashe 'yar mutuncin nan da ba ta yi kuka ba, ga abin da take yi a ɓoye.

Sai ta ba su abin da suka nema.

A shafi ɗaya ta gama komai.

Aka kira malam. Ya yi karatu, ya turara hayaƙi. Abin ya bayyana: ƙaton aljani baƙi, da kofato, da jajayen idanu, da haƙora har ƙirji. Wai shi ne ke shiga siffar yaro don ya yaudari matar. Ya yi ihu, ya roƙi gafara, ya kama da wuta, ya zama toka. Aka share tokar. Matar ta yi godiya, ta zauna lafiya.

Tammat.

Da ta tura, ta ji kamar ta wanke gawa.

La'asar ta yi, aka baje gyaɗa. Hansatu ta gyara zama, ta ce yau ake yin ta. Ta fara da ƙarfinta. Tana zuwa wurin kofato muryarta ta fara sauka. Ta kai ƙarshe, ta ja allon wayar sama ko akwai saura.

"Shi ke nan?"

Ta ajiye wayar.

"A kan wannan na yi ta bismilla bakin randa? Mai kofato? Ai wannan tun muna yara ake ba mu shi. Ko ɗana na goye ba zai ji tsoronsa ba."

Wata ta ce, "Ba ku kuka ce a nuna shi ba?"

"Mun ce. To don mun ce sai ta biye mana? Yaro ma yana cewa a ba shi wuƙa." Ta yi tsaki. "Da can ina jin abin a bayana. Yanzu da na gan shi, wallahi ko a jikina. Kuma matar fa? Duk kunun da ta yi ta ajiyewa, a ce ta tashi ta yi godiya kawai? Wannan ba ita ba ce. An canza mana mata."

A guruf ma haka. Waɗanda suka fi kowa matsawa a kawo malam su suka fara cewa an ɓata musu lokaci.

Ba addu'a nake rainawa ba, Allah Ya tsare ni. Addu'a ita ce makaminmu. Amma mai karatu ba wawa ba ne. Ya san lokacin da aka ba shi gaskiya, ya san lokacin da aka rufe masa baki da abin da aka saba. Ko bai iya faɗin inda aka cuce shi ba, cikinsa ya sani.

Ranar Inna ba ta ce kun zauna kuna sauraron ƙarya ba.

Naɗe tabarmarta ta yi ta shige ɗaki.

Washegari da hantsi, Barira na wanke-wanke, Inna ta ɗaga labule.

"'Yar nan, in kin gama ki zo."

Tsakanin suruka da suruka a gidan nan gaisuwa ce kawai da miƙa kwano. Barira ta shiga ta durƙusa daga bakin ƙofa. Rabonta da ɗakin tun ranar da aka fitar da yaron daga cikinsa.

Inna ba ta dube ta ba. Bango take kallo.

"Me ya sa kika ƙone shi?"

Barira ta ɗago kai. "Inna, wa?"

"Takalminsa na hagu ne ya daina kuka. Ya shiga da shi cikin kwata, ruwa ya kashe shi. Cokalina kuwa har na gaji da tsamo shi daga randa." Ta juyo. "Ni na ɗauka ba kya kallonsa. Ashe ba abin da ya wuce miki."



Inna ta ce, "Na san wanda ya tafi ya tafi. Na binne miji, na binne 'ya'ya. Ba sai an yi mini wa'azi ba. Amma kullum la'asar ina shimfiɗa tabarmar nan ne don in ji Maigidana ya shigo. Jiya kika sa masa kofato."

"Cewa suka yi zunubi ne, Inna."

"Kewar ɗanki?"

Can Barira ta ce, da wata murya da ita kanta ba ta san tana da ita ba, "Ban taɓa kiran sa ba. Ko sau ɗaya. Shi kullum yana kira na."

Inna ta daɗe tana jan carbi ba tare da ta karanta komai ba.

"Ni ma ban taɓa ba. Kakansa ma har ya koma ga Allah ban taɓa ba. Haka muka taras, haka muka yi, aka ce mun kyauta." Ta share gefen idonta da bakin mayafi. "Nawa bakin ya riga ya tsufa a haka, ba zai tanƙwaru ba. Ke naki da saura. Saki labulen nan. Ba kowa sai ni, ni kuma kunnena ya yi nauyi."

Barira ta saki labule.

Ta gwada. Harshenta ya ƙi. Sunan da ta yi ta juyawa a zuci tun ranar suna, ashe bai san hanyar baki ba.

Ta sake gwadawa.

"Ilyasu."

A hankali ya fito, kamar tana tsoron tashin mai barci.

Sai ta ƙara, da ƙarfi kaɗan, yadda uwa ke kiran yaro in abinci ya sauka.

"Ilyasu."

Su biyun suka yi tsit. Ba su yi shawara ba, amma dukansu saurare suke.

A waje ana daka. Wata tana kiran kaji. Rediyon maƙwabta yana ta magana.

Ba wanda ya amsa.

Duk abin tsoron da Barira ta rubuta, babu wanda ya kai wannan shirun.

Nan kukan ya zo. Kukan da ya kamata a yi tun damina. Ta kifa kanta a cinyar matar da ba ta taɓa haɗa ido da ita ba, tsohuwar ta dafa ta, ba ta ce yi haƙuri ba. Ta bar ta ta yi.

Ta kira shi. Sai dai ta makara, kuma ta san ta makara. Da wannan za ta zauna.

Darasi:

Masu rubuta mana labaran tsoro, ku ji da kyau. Ba kofato ke ba mutum tsoro ba, ba jan ido ba. Waɗannan mun san su, mun san maganinsu. Abin da ke hana mu sakewa shi ne abin da ya yi kama da namu: randarmu, kwanonmu, wanda muka rasa. In kun kama mu da gaskiya, kada ku sake mu da ƙarya don mun yi surutu. Mai karatu yana roƙon a buɗe masa ƙofa, amma ranar da aka buɗe ya ga ba komai sai dodon yara, ba zai yafe ba.

Ku kuma masu karatu, ku rage gaggawar yanke wa mutum hukunci. Kukan kurciya jawabi ne. Wani labarin da kuke karantawa kuna dariya kuna waige, makokin wata ne da ba a ba ta wurin yi ba.

Sannan ku iyaye. Kunya ado ce, ban ce ku yar ba, ni ma cikinta na tashi. Amma yaro ba ya cin ado. In naki yana kusa, kira shi yanzu, da sunansa, ko ba ki da aiken da za ki yi masa. Ki ji ya ce na'am.

Wanda ya karanta ya tura wa wata uwa. Ku tura har wa wadda kuke ganin ta fi kowa dauriya, ita ce ma ta fi buƙata. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, manya da ƙanana.